Abin da Albasa Ta Faɗa wa Gavril

Ranar farko ta sabuwar shekara, tun kafin a kaɗa ƙararrawar coci, tsoho Gavril ya riga kowa tashi a gidan. Ya ja ƙafarsa ta dama, wadda ta daina yi masa biyayya tun bara, har bakin tagar kicin, inda ya jera ɓawon albasa goma sha biyu tun jiya da yamma. Haka ake yi a ƙauyen Muncel tun kaka da kakanni: a tsaga albasa, a zare ɓawon nan mai kauri kamar 'yan ƙoƙuna, kowanne a ba shi sunan wata guda, a barbaɗa masa gishiri, a bar su su kwana. Wanda gishirinsa ya narke ya tara ruwa, watansa zai jiƙe. Wanda ya wayi gari a bushe, watansa ba zai ga komai ba. Da can matarsa Floarea ke yi, shi kuwa yana gefe yana yi mata dariya. Tun da ta rasu ya gaji aikin, ya kuma fi ta riƙe shi da gaske.

Na Janairu ɗan gumi kawai ya yi. Na Fabrairu kuwa ruwa ne fal, har yana neman tsiyaya a kan katakon taga. Gavril ya daɗe a tsaye yana kallonsa. Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya ce a hankali, "Na gode, Ubangiji."

Kada ka yi mamakin tsoho yana gode wa Allah saboda ɓawon albasa, sai ka ji abin da ke cin ransa. Likita a birnin Cluj ya riga ya yanke magana: bayan Ista za a yi masa aiki a ƙugu, a sa masa ƙarfe, daga nan shi da katakan zamiya, waɗanda ake ɗaurawa a ƙafa a sulalo a kan dusar ƙanƙara, sai dai kallo daga nesa. Shi kuwa Gavril, duk ɗan Muncel da ya iya zamiya a kan dusar ƙanƙara a tsakanin gwiwoyinsa ya koya, a tudun da ke bayan gidansa. Sana'arsa saran itace ce a daji. Koyar da zamiyar kuwa ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Ya koya wa 'ya'yan limamin coci, ya koya wa 'ya'yan mashayin gari, ya koya wa 'yarsa tilo Smaranda tun tana 'yar mitsitsiya. Saura mutum ɗaya: jikarsa Tudora, 'yar shekara bakwai, haihuwar birni, wadda ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan katako ba. Hunturun bana kaɗai ya rage masa ya sauko tudun nan da ita, kuma ya sani.

Da aka zauna karin kumallo, tuwon masara da cuku da ragowar naman jiya, surukinsa Horia ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur. Horia mutumin kirki ne, kada a zalunce shi. Kantin magani yake riƙe da shi a Cluj, mutum ne mai bin komai a tsanake, wanda ko laima zai saya sai ya ji ra'ayin waɗanda suka riga shi saye. Laifinsa ɗaya a wurin Gavril: ɗan kwari ne, daga can bakin kogin Danube, inda tudu mafi tsawo shi ne tarin masara bayan girbi.

"Baba, dama muna so mu ji shawararka," in ji Horia. "Maganar hutun makarantar Tudora ne, na Fabrairu. Mun ce bana dai a kai ta ta koyi zamiya."

"Madalla. Ashe kun farka."

"Wurare uku muka duba. Na farko babban wurin nan ne da kowa ke rububi, amma tsada kamar me, ga cunkoso, ga gangararsa ba ta 'yan koyo ba ce. Na biyu a ƙetare yake, hanya ta yi nisa. Na ukun ne ya kwanta mana a rai. Ƙarami ne, da sauƙin kuɗi, gangarar yara a kwance take, an kewaye ta da raga. Akwai malamai masu takarda, ana ba da hayar takalma da katakai, har ni ma za su iya koya mini. Kuma suna da injinan feso ƙanƙara, ko da sama ta yi rowa..."

"Injin me?"

"Na feso ƙanƙara, Baba."

Gavril ya ajiye cokali. "Wato ƙanƙarar firji za ku kai mini jika ta faɗi a kai. Ka taɓa damƙar abin nan da hannunka? Tsakuwa ce zalla. Yaro ya faɗi sau ɗaya, ya tsani zamiya har ya mutu. Malamai masu takarda! Wani saurayi da baƙin tabarau, ya jera yara a bayansa kamar 'ya'yan agwagwa, bai san sunan ko ɗaya ba."

"Baba," in ji Smaranda, "ba faɗa muka zo yi ba."

"Wa ke faɗa? Ni tambaya nake yi. Araha kuke nema? Ga gida, ga gado, ga tuwo. Gangara mai sauƙi kuke nema? Ga ta can bayan rumbu, ke kanki a kanta kika koya, ko birni ya mantar da ke? Malami kuke nema?" Ya bugi ƙirjinsa. "Takardar ce kawai ba ni da ita."

Tudora ta ɗago kai daga kwanonta. "Kaka, kai ka iya? Ai tafiya ma da ƙyar kake yi."

"Ji mini 'yar bakin nan! A ƙasa ne nake gurgu, ke. Ɗora ni a kan katako ki sha kallo."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, uwarta ma ta murmusa. Horia ne bai yi ba. Ya leƙa ta taga, inda tudun ke tsaye da ɗan fari-fari sama-sama, ciyawa duk ta leƙo ta cikinsa.

"Ka yi haƙuri, Baba, amma dubi tudun. Bara ma kai da bakinka ka ce bai daɗe da fari ba. Igiyar injin da ke jan mutane zuwa saman tudun ta daɗe da tsayawa. In muka saki ɗakin da muka kama a can, ba lalle mu sake samu ba, lokacin hutu ne. Rigakafi ya fi magani."

"Maganar mai kantin magani ke nan." Gavril ya dafa tebur ya miƙe, ya je taga, ya ɗauko ɓawon Fabrairu da hannu biyu don kada ya zube, ya ajiye shi dab da wayar. "To karanta wannan."

Horia ya dubi matarsa. Smaranda ta sunkuyar da kai, don ita a gidan ta girma, ta san zancen.

"Albasa ce, Baba."

"Albasa ce. Tun kafin a ƙera wayarka take gaya wa mutanen nan lokacin yankan ciyawa. Fabrairu zai zo da ƙanƙara har ƙugu. Abin da babba ya hango daga zaune, yaro ko ya hau hasumiyar coci ba zai gani ba."

Sai kuma ya koma ya zauna, duk cika bakin ya zube. Ya juya ga 'yarsa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Smaranda, 'yar Baba, ke kika kai ni wurin likitan nan, da kunnenki kika ji. Ban taɓa roƙonki komai ba. Ko da uwarki ta tafi ban ce ki dawo gida ki zauna da ni ba. Ki ba ni yarinyar nan hutun nan kawai. Ina so in sauko tudun can da ita, ko sau ɗaya ne, kafin su sa mini ƙarfen."

Idon Smaranda ya cika da hawaye, ta dubi mijinta. Horia ya ɗauki wayarsa ya fita baranda. Suna jin sa yana ba mai masauki haƙuri. Da ya dawo ya ce, "Shi ke nan, Baba. Muncel za mu zo." Gavril ya tsiyaya masa ɗan kofin tsuika, barasarsu ta gida, da sassafen nan, abin da bai taɓa yi masa ba.

Suna komawa birni tsoho ya shiga shiri. Ya hau ɗakin ajiya na sama, da wannan ƙafar tasa, ka ji taurin kai, ya sauko da 'yan katakan da Smaranda ta koya da su. Ya kankare tsatsar gefensu, ya shafe su da kakin zuma. Takalma kuwa ya aro a wurin maƙwabciyarsa Saveta, na jikanta da iyayensa suka tafi da shi Italiya. Saveta gwauruwa ce, sa'arsa, tana da goɗiya ɗaya da keken ɗaukar itace da baki kamar reza. Tun suna yara suke faɗa da Gavril, har yau ba wanda ya gaji.

Ƙarshen Janairu sama ta buɗe. Aka yi ta zuba ƙanƙara har shingen lambu ya ɓace. Gavril ya kira Horia takanas, ya ce masa ya gaishe da wayarsa. Ya ɗaura katakansa ya hau tudun a karkace, taki-taki, yana danne gangarar yadda ake yi, sannan ya sauko shi kaɗai a hankali don ya gwada kansa. Ƙugun ya yi ƙorafi, amma ya riƙe. Ranar har waƙa Saveta ta ji yana yi a wurin faskare.

Fabrairu na kamawa iska ta juya. Ta taso daga kudu, mai ɗumi, mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Rufin gidaje ya fara ɗiga. Sannan ruwa ya sauko, ba mai ƙarfi ba, yayyafi ne mai naci, irin wanda ba ya sauri kuma ba ya gajiya. Farin nan ya yi toka-toka, ya lotsa, ya tsattsage. Kafin a ankara tudun ya koma laka da matacciyar ciyawa, rafi kuma ya cika yana ruri kamar ana tsakiyar Afrilu.

Saveta ta kawo masa madara ta iske shi a baranda, hannu cikin aljihu, yana kallon tudun.

"To, bokan albasa, ga Fabrairunka."

"Albasar ce ta yi ƙarya. Ta kasuwa ce, ba ta lambuna ba."

"A'a, kar ka ɗora wa albasa laifi. Ruwa ta ce maka, ga ruwa kana gani. Ita ina ta san sanyi? Jiƙa kawai ta sani. A zamaninmu duk abin da ya sauko a Fabrairu fari yake saukowa, shi ya sa ba wanda ya taɓa tambayarta wane iri. Yanzu sama ta sake hali, kai ne ba ka sake ba."

Maganar ta yi wa Gavril zafi ƙwarai, don gaskiya ce tsagwaronta. Ya karɓi madarar ko na gode babu.

Da rana Smaranda ta kira.

"Baba, mun ga ruwa ake yi a can. Horia ya bincika, wurin nan ya cika, amma akwai wani a gabansa da ɗaki ɗaya ya rage, in muka yi magana yau. Mu biyo mu ɗauke ka mu tafi tare. Akwai wurin zama mai ɗumi, ka zauna ka kalle ta."

"In kalle ta."

"Baba, don Allah..."

"Akwai ƙanƙara a Muncel."

"Haba, Baba."

"Na ce akwai. Na taɓa yi miki ƙarya? Ku taho."

Ya ajiye wayar. Bai taɓa yi mata ƙarya ba, wannan gaskiya ne, kuma bai shirya farawa da furfura ba. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Tunda ya ce akwai, to dole ta kasance.

Can bayan dutse akwai wani kwazazzabo da rana ba ta leƙawa, inda ƙanƙara ke kwanciya har bayan Ista. Lokacin ƙuruciyarsu, in ranar tseren gari ta zo ƙanƙara ta yi ƙaranci, daga nan maza ke kwaso ta a kwanduna su shimfiɗa a tudu su tattake. Sai dai a lokacin gari cike yake da maza. Yanzu duk suna Italiya da Jamus, ko suna kwance a bayan coci. Gavril ya ɗauki shebur ya ƙwanƙwasa ƙofar Saveta.

"Ara mini goɗiya da keke."

Ta dubi shebur, ta dubi ƙafarsa, ta gane. "Ka haukace."

"Na ji. Za ki ara mini ko in ɗauko a ka?"

"Goɗiyata ba ta bin mahaukaci ita kaɗai," in ji Saveta, tana jawo mayafinta daga jikin ƙusa. "Ni zan ja ta. In ka mutu a can a samu mai ba da labari."

Haka tsofaffin nan biyu suka yi ta yi, kullum daga safe har rana ta yi sanyi. Shi yana loda keke a kwazazzabo, ita tana jan goɗiya ta cikin laka tana zaginsa, shi da albasarsa da duk zuriyarsa. Su sauke a ƙasan tudun, wurin da gangara ta fi kwanciya, ya baje, ya tattake da katakansa, su rufe da dusar katako da tsohon tamfol da rassan itace don kada ruwa ya cinye. Abin da suka shimfiɗa da safe, kafin yamma ya rage. Washegari su ƙara. Mutanen gari suna leƙe ta taga, wasu na dariya, wasu na girgiza kai. Limamin coci ya tsaya a bakin shinge wata rana, ya daɗe yana kallo, ya sa musu albarka ya wuce. Da dare ƙugun ba ya barin Gavril ya runtsa, amma wannan ba wanda ya gaya wa.

Allah ya taimake su ruwan ya ɗauke, aka ɗan yi sanyi. Ana gobe baƙi za su iso, suka yaye tamfol, sai ga ta: farar hanya mai faɗin keken doki, ta taso daga gindin itacen tuffa ta gangara har kusa da shinge, laka hagu, laka dama.

"Ya isa haka," in ji Saveta. "Wallahi ya isa, Gavril. Ko uwar yarinyar ba za ta ce ba ka yi ba."

"Ƙarshen ya yi siriri. A nan za ta tsaya, in katako ya ci laka kifewa za ta yi. Lodi ɗaya."

A lodin nan ne abin ya faru. Ya cika shebur ya juya zai watsa a keke, ƙafarsa ta zame a kan jiƙaƙƙen dutse, wani abu ya ce ƙas a cikin ƙugunsa. Bai yi ihu ba. Ya dai zauna a cikin ƙanƙara, fuskarsa ta yi fari fat, gumi na tsattsafo masa a cikin sanyin nan. Saveta ta saki linzami ta rugo tana kiran sunan Allah. Da ja da turi da kuka da zagi ta ɗora shi a kan lodin. Kuma ka san abin da mutumin nan ya yi? Ya ƙi a wuce da shi gida sai da ta tsaya a tudu ta sauke ƙanƙarar a inda ya nuna mata.

"Zan kira Smaranda," in ji ta, bayan ta kwantar da shi ta hura masa murhu.

"In kika kira ta, daga mota sai asibiti, yarinyar ko tudun ba za ta gani ba. Ki bari sai gobe."

"Wanda bai ji bari ba..."

"Na ji hohon, Saveta. Ki bar ni haka."

Washegari da hantsi motar ta shigo, laka har gilashi. Gavril yana zaune a bencin baranda, ya yi aski, ya sa tsohuwar rigarsa ta zamiya, takalman nan masu nauyi a ƙafarsa, Allah kaɗai ya san yadda ya sa su. Tudora ta fito a guje ta faɗa jikinsa. Ya cije leɓe ya rungume ta. Smaranda kuwa ta tsaya a bakin mota tana duban duwatsun da suka kewaye gari, duk jajaye, babu fari ko na magani, sannan idonta ya sauka a kan 'yar farar hanyar nan da ke bayan rumbu. Ta daɗe tana kallonta.

"Baba, mene ne wancan?"

"Ƙanƙara. Na ce miki akwai."

"Tashi ka gaishe mu mana."

Ya dafa benci, ya yunƙura, ya koma. A nan Saveta, wadda ke tsaye a bakin shingenta tun da ta ji ƙarar mota, ta kwashe labari kaf ta zayyana, ba ta rage ko shebur ɗaya ba.

Smaranda ta ce wa 'yarta ta je ta ga goɗiya. Da yarinyar ta yi nisa ta juyo, muryarta na rawa don fushi.

"Don me, Baba? Don kada a ce albasa ta yi kuskure?"

"Don na ce miki akwai."

"Da ka ce babu! Da ka ce babu, me zai faru? Ƙaunar da muke yi maka za ta ragu ne? Kai ba ka iya cewa na yi kuskure ba sai ka karya kanka?" Hawaye suka ɓalle mata. "Horia, kama shi mu sa shi a mota. Asibiti za mu tafi yanzun nan."

"Bayan yarinya ta sauko," in ji Gavril.

"Baba!"

Horia ya matso kusa da bencin. Ya durƙusa ya taɓa ƙugun tsohon a hankali, ya yi masa 'yan tambayoyi, ya miƙe. Ya dubi tudun, inda rana ta fara lasar gefen ƙanƙarar.

"Smaranda, asibiti yana nan har yamma," ya ce. "Wancan kuwa ba zai kai gobe ba." Ya juya wa surukinsa baya ya tsuguna. "Hau, Baba."

Haka ɗan kwarin nan ya goya shi, yana nishi, yana zamewa a laka da takalmansa na birni, har gindin itacen tuffa. Saveta ta biyo da kujera 'yar tsuguno, Smaranda da katakai, Tudora tana tsalle a gabansu ba ta san dawan garin ba.

"Ku ɗaura mini nawa," in ji Gavril.

Ba wanda ya yi masa musu. Suka ɗaura masa, Horia ya kama hannu ɗaya, Smaranda ɗaya, suka ɗaga shi. Ya tsaya a kan ƙafar hagu, ya numfasa, ya ɗan jingina nauyinsa a kan ta dama. Duniya ta yi masa duhu. Da ba su riƙe shi ba da ya zube. Suka mayar da shi kan kujerar, ya zauna yana haki, idonsa a kan farar hanyar da ya shimfiɗa da hannunsa. A nan ya sani ba zai sauko da ita ba, ba yau ba, ba wata rana ba.

"Cire su," ya ce. Horia ya kwance katakan ya jingine su a jikin itacen.

Tsoho ya share fuska da tafin hannu, ya yafito jikarsa. "Zo nan, 'yar baki. Miƙo ƙafa."

Da hannunsa ya ɗaure mata takalman, ya ɗora ta a kan 'yan katakan uwarta, ya juya ta ta fuskanci gangara, ya damƙi bayan rigarta. Ya ce Horia ya sauka ya tsaya a ƙarshe. Sannan ya shiga gaya mata, da muryar da duk ɗan Muncel ya sani: ta lanƙwasa gwiwa, ta haɗa bakin katakan kamar rufin ɗaki, ta buɗe bayansu, kada ta kalli ƙafarta, ta kalli babanta.

"Kaka, ba tare za mu tafi ba?"

"Ke za ki fara."

"To kar ka sake ni."

"Ina riƙe da ke."

A duk rayuwarsa bai taɓa sakin yaro a ranar farko ba. Sai ya yi ta saukowa da shi a tsakanin gwiwoyinsa, yau da gobe, har ƙafafun yaron su gane da kansu, sannan ya saki. Yanzu ga wadda ya fi ƙauna a cikinsu duka, kuma iyakar abin da zai iya ba ta tsawon hannunsa ne. Ya ji yadda bayanta ke rawa ta cikin rigar. Ya gyara mata hula da ɗaya hannun. Ya sake cewa ta lanƙwasa gwiwa, alhali ta riga ta lanƙwasa. Can ƙasa Horia ya buɗe hannuwa yana jira, ƙafafunsa sun nutse a laka.

Smaranda ta dafa kafaɗar ubanta. "Baba."

Ya buɗe hannunsa.

Yarinyar ta tafi a hankali, tana tangaɗi, hannuwa a sama. Ta ƙwalla ƙara, ƙarar ta juye ta zama dariya tun kafin ta kai rabi. Katakan suka buɗe, suka sake haɗuwa, ta karkata kamar za ta faɗi, ta miƙe. Ta isa ƙarshe ta afka wa babanta, su biyun suka zube a laka. Saveta ta yi alamar gicciye tana share ido da bakin mayafi, tana cewa duk gidan mahaukata ne.

Tudora ta tashi, laka har kunne, ta juyo tana ɗaga hannu biyu.

"Kaka! Saura kai! Sauko mana!"

Gavril ya ɗaga mata hannu.

"Ni na gama nawa," ya ce, a hankali, Smaranda kaɗai ta ji. Sannan ya ɗaga murya yadda za ta kai shinge. "Ɗauko katakanki ki hawo, raguwa! Wanda ya sauka da ƙafarsa yake dawowa!"

Yarinyar ta rungumi katakan ta fara hawowa ta gefen laka, tana zamewa tana tashi. Smaranda ta durƙusa a gaban ubanta, gwiwoyinta a cikin ruwan da ke tsiyaya daga ƙanƙarar, ta fara kwance masa takalman.